Tumadir: yadda na bi sawun sunan 'yata kafin a yanka rago

A gidanmu akwai 'yan mata uku masu sunan mahaifiyarmu, kuma babu ko ɗaya da ake kira da shi. Ta gidan babban yayanmu Ummi ce, ta gidan mai bi masa Walida, ta wajen ƙanwarmu kuwa Mami. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san yadda abin yake: ka yi wa uwarka takwara don ka girmama ta, sai kunya ta ɗaure bakinka da na matarka da na 'yan'uwanka, a nemo laƙabi a lulluɓe sunan. Yarinya ta girma har ta isa aure, wasu ƙawayenta ba su san sunanta na yanka ba sai sun gan shi a katin biki.

Ban raina wannan al'ada ba. Da ita aka rene ni, kuma har gobe ba na iya kiran sunan Inna da bakina. Rubuta shi ma akwai nauyi, sai dai labarin ba zai fahimtu ba sai da shi: Hansa'u, wanda 'yan'uwanta ke cewa Hansai. Tun da aka yi wa maiɗakina hoton ciki aka ce mace muke sa rai, abu biyu suka tsaya mini. Ina son Inna ta samu takwara daga wajena, ina kuma son 'yata ta riƙa jin sunanta na gaskiya a bakina kullum.

Ƙanena da ya karanta Larabci a Jami'ar Bayero shi ya fara haska mini hanya. Muna hira bayan isha'i ya ce, "Yaya, ai Khansa'u tun asali ba suna ba ne, laƙabi ne. Sunan Sahabiyar nan mawaƙiya na yanka Tumadir." Ban taɓa jin sunan ba, ko a littafi ko a bakin mutum. Ya ce Larabawa suna cewa khansa'u ga macen da karan hancinta ya ɗan kwanta, bakinsa ya ɗaga, irin na barewa, kuma da wannan siffa aka san matar har laƙabin ya binne sunan. Nan take na ga abin da nake nema: in 'yata ta ɗauki sunan, Inna tana riƙe da laƙabin, mace ɗaya suka gada su biyun, kuma babu kunyar da za ta hana ni kira.

Amma suna ba abin da za a ɗauka a hira ɗaya ba ne. Na fara da waya kamar kowa. Shafukan sunayen jarirai na intanet sun ba ni ma'anoni iri-iri, kowanne yana faɗin tasa da ƙarfin hali, babu wanda ya ce ga littafin da ya ciro ta. Rubutun sunan da boko ma kowa da nasa: Tumadir, Tamadur, Tomader. Sai na ajiye wayar na nufi zauren malamin da ya karantar da mahaifinmu Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, a cikin birni.

Malam ya tsufa ƙwarai, amma idonsa na gani da tabarau. Na same shi a kan buzu bayan almajirai sun tashi, littattafai jibge a bayansa har sun kusa taɓa taga. Na gaishe shi, na ce, "Allah ya gafarta Malam, suna nake son sa wa jaririyar da muke jira, na zo a duba mini asalinsa." Da na faɗi sunan sai ya gyara zama ya ce, "Tumaliru bintu Amrin! Ɗana, wa ya tuna maka da wannan baiwar Allah?" Na lura da yadda ya furta shi, amma hankalina a lokacin yana kan ma'ana.

Ya sa wani almajiri ya sauko masa da mujalladin Lisanul Arab na Ibnu Manzur mai harafin ra, ya buɗe, yana bin layi da ɗan yatsa yana fassara mini. Tushen sunan haruffa uku ne, mim da lodi (ض) da ra, kuma abin da suka fi nunawa shi ne nonon da ya kwana ya fara tsami, irin kindirmon da muke dama fura da shi. Daga nan ne sunan Mudar ya fito, kakan Ƙuraishawa na can sama wanda yake cikin salsalar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. An ce an kira shi haka don son da yake yi wa irin wannan nono, an kuma ce don farinsa ne. Daga tushen dai ake siffanta abu ɗanye shar da bai yi yaushi ba. Sai Malam ya kai layin da sunan yake. Littafin ya ce sunan mace ne da aka ciro daga waɗannan ma'anoni, ya kawo maganar Ibnu Duraid, masanin lugga da ya rasu a shekara ta 321 bayan Hijira, cewa yana zaton daga wannan nono aka samo shi.

Malam ya cire tabarau ya dube ni. "Ka ji ko? Mutumin da ya haddace luggar Larabawa cewa ya yi yana zato. In ka ga wanda ya yanke maka ma'ana ɗaya babu waiwaye, ka tambaye shi a ina ya karanta." Abin da na fita da shi dai ma'anar tana zagaye ne tsakanin fari, da danshi, da nono, kuma babu abin ƙi a ciki ko ɗaya.

Sannan ya ba ni labarin mai sunan. Tumadir 'yar Amru ce, daga ƙabilar Banu Sulaim a yankin Najadu. Ta rayu a jahiliyya ta kuma riski Musulunci. An kashe ɗan'uwanta Mu'awiya, daga baya aka soki ɗaya ɗan'uwan nata Sakhru a wani hari, ya yi jinya kusan shekara kafin ya cika. Waƙoƙin makokin da ta yi musu, musamman Sakhru, su suka ɗaga ta, har yau ɗaliban adabin Larabci suna haddace su. A ciki ne take kamanta shi da dutse mai wuta a ƙololuwarsa, wanda masu ja-gora ma da shi suke gane hanya. An ruwaito cewa ta yi waƙa a kasuwar Ukazu gaban Nabigatuz Zubyani, alƙalin mawaƙan lokacin, ya ce ba don A'asha ya riga ta rerawa ba da ita zai fifita. Shaidar sunanta na yanka ma a waƙa ta tsira: Duraidu ɗan Simma, jarumin Hawazin da ya nemi aurenta yana dattijo ta ƙi shi, ya buɗe waƙarsa da roƙon abokan tafiya su tsaya su gaida Tumadir. Ta zo Madina tare da mutanenta ta musulunta wajen shekara ta 8 bayan Hijira. Labarin da aka fi saninta da shi a wa'azi shi ne na 'ya'yanta huɗu da suka yi shahada a yaƙin Ƙadisiyya zamanin Sayyidina Umar, ta gode wa Allah da ya ɗaukaka ta da su. Ibnu Abdil Barri ya kawo shi, amma Malam ya ja kunnena cewa masana ruwaya suna da magana a kan isnadinsa, don haka in zan ba da shi in ce an ruwaito.

Na ɗauka mun gama, sai ya ce akwai wata Tumaliru da ta fi kusa da mu masu bin mazhabar Malik. A watan Sha'aban na shekara ta 6 bayan Hijira Manzon Allah ya tura Abdurrahman ɗan Aufu da mutum 700 zuwa Daumatul Jandal, a arewacin ƙasar Saudiyya ta yau, ya naɗa masa rawani da hannunsa. Shugaban Banu Kalb na wurin, Asbagu ɗan Amru, Kirista ne, ya karɓi Musulunci, Abdurrahman ya auri 'yarsa Tumadir ya taho da ita Madina. Ita ta haifi Abu Salama, ɗaya daga cikin manyan malaman fiƙihun Madina. Malam ya ce duk wanda ya karanta Muwaɗɗa, littafin Imam Malik, ya sha ambaton ɗanta bai san sunan uwar ba. Hadisin nan na wanda ya riski raka'a ɗaya ya riski salla, Malik daga Ibnu Shihab ya karɓo shi, shi kuma daga Abu Salama, daga Abu Huraira.

Ita ce kuma matar da Abdurrahman ya yi wa sakin ƙarshe yana cikin ciwon ajali. Ya rasu a shekara ta 32, Sayyidina Usman ya ba ta gado duk da iddarta ta ƙare. A kan wannan hukunci malaman Malikiyya suka tsaya cewa wanda ya saki matarsa a ciwon da ya mutu a cikinsa, tana gadonsa. "Babanka ya karanta wannan mas'ala a nan inda kake zaune," in ji Malam. Wannan magana ta taɓa ni fiye da labarin waƙoƙin. Matan da aka hana a kore su daga gado da sakin gargara suna da yawa a ƙasar nan, kuma shari'ar wannan baiwar Allah ce hujjarsu.

Na yi masa tambaya ta ƙarshe, ko akwai laifi a sa sunan da asalinsa na jahiliyya ne. Ya ce Manzon Allah yakan canza suna in ma'anarsa ta munana. Ya mai da Barra Zainab, ya mai da 'yar Sayyidina Umar Jamila daga wani suna mai nufin mai saɓo, wanda harafinsa ya bambanta da na Asiya matar Fir'auna. Waɗannan Tumadir ɗin biyu kuwa sun zauna da sunansu a zamaninsa bai taɓa shi ba.

Saura in san ko akwai mai sunan a kusa da mu. Ba ni da wata hanya sai tambayar waɗanda sunaye ke bi ta hannunsu. Maroƙin unguwarmu, wanda ya yi furfura yana shelar suna a ƙofar gidaje, ya sa na maimaita masa, ya girgiza kai ya ce bakinsa bai taɓa kiran wannan ba. Tsohuwar ungozomar da ta yanke wa rabin yaran layinmu cibiya ita ma haka. Shugaban Islamiyyar da yarana maza ke zuwa ya buɗe mini rajistocinsa muka bi tare: Khansa'u tana nan, ga Nusaiba da Sumayya da Rumaisa'u da Rufaida, ga sababbin yayi irin su Afnan da Nihal da Hanan, amma babu Tumadir ko ɗaya. A ƙasashen Larabawa kuwa sunan bai mutu ba. Tumadir Taufiƙ tana cikin matan farko a aikin watsa labarai na Masar, har ta shugabanci gidan talabijin na ƙasar. A watan Fabrairun 2018 Saudiyya ta naɗa Tamadur ar-Rammah mataimakiyar ministan ƙwadago. Wani maƙwabcina da ya yi karatu a Khartum ya ce a Sudan suna ne da ake ji a makaranta da kasuwa ba tare da kowa ya waiwaya ba.

Ƙarancin sunan bai dame ni ba. Abin da ke damuna a yayin da ake ciki shi ne sunan da ake tsinta a fim ko a waya don daɗin amo kawai, a tambayi uba ma'anarsa ya ce shi ma haka ya ji. Wanda na san tushensa da masu shi, ko ni kaɗai ne a gari zan iya tsayawa a kansa.

Matsalar ta ɓullo ne daga inda ban zata ba. Maiɗakina ta so sunan tun ranar da na kawo mata labarin, sai ta faɗa wa Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda ba a yanke komai a gidanmu ba da saninta ba. Gwaggo ta aiko a kira ni. Ko zama ban gama yi ba ta ce, "Kai, ashe sunayen duniya sun ƙare sai kayan miya? Tumatir za ka sa wa 'yar mutane?" Na fara yi mata bayanin Sahabbai, ta ɗaga hannu. "Ni ban musa maka ba. Yaran makaranta za ka bi ɗaya bayan ɗaya kana karanta musu tarihi?"

Gaskiya ta faɗa. Harafi ɗaya ne tsakanin kalmomin biyu a kunnen Bahaushe, kuma yara ba sa barin irin wannan ta wuce. Na yi aji ɗaya a firamare da wani yaro da aka mai da sunansa abin tsokana, har ya daina ɗaga hannu don kada malami ya kira shi. Ni zan zaɓi sunan, amma ita za ta amsa shi a layin makaranta, a asibiti, a gidan miji. Na kwana biyu ina jin kamar in haƙura in bi sahun yayyena, a sa Hansa'u a kira ta Ummi.

Ana cikin haka na tuna yadda Malam ya furta sunan, na koma na tambaye shi dalili. Ya yi murmushi ya ce ai harafin da ke tsakiya lodi ne, kuma haka malaman ƙasar nan suka karanta shi tun kaka da kakanni. Ya shiga lissafo mini: alƙali, alwala, farilla, larura, Ramalan, duk lodi ne a cikinsu. A sunaye ga Rilwanu, ga Falalu, ga Murtala. Janar Murtala Muhammad da ya mulki Najeriya daga 1975 zuwa 1976, wanda hotonsa ke kan naira 20, babu wanda ya taɓa cewa sunansa ba na Musulunci ba ne don ba a ce Murtada ba. Kakanninmu ba su ɗauki sunan Larabci sun ajiye shi yadda ya zo ba. Sun sarrafa shi ya zauna a bakinsu, Khadija ta zama Hadiza, Khalid ya zama Halidu, sunan Inna ma ta wannan hanya ya biyo.

Ƙanena bai yarda ba. Ya ce mafitar lodi daban, ta lam daban, kuma an sha wahala kafin a gyara wa mutane wannan a karatu, bai kamata mu koma baya ba. Na ce masa a karatun Alƙur'ani ina bayansa ɗari bisa ɗari, don can ba a yi mana izinin sauya harafi ba. Suna kuwa abin kira ne a tsakar gida, kuma wanda ya ce Tumadir da dal ɗin boko shi ma bai furta lodin ba, wani harafin ya musanya. In dai dole sai an musanya, gara wanda ya kuɓutar da yarinya daga tsokana kuma yake da gurbi a harshenmu. Maiɗakina ce ta ƙarasa gyaran. Ta ce, "Baban Sadik, Tumaliru ya yi kama da Nasiru da Kabiru, za a ɗauka namiji ne. A cire wasalin ƙarshe, yadda Zainabu ta koma Zainab." Muka tsaya a kan Tumalir. Da na kai wa Gwaggo ta juya shi a bakinta, ta ce wannan dai ba a sa shi a miya, Allah ya sauke ta lafiya.

Inna na bari a ƙarshe, don ita ce mai abin. Na same ta tana tsince shinkafa a faranti, na zauna a ƙasa na ba ta labarin tun daga farko, ina kewaye sunanta ina cewa "sunan nan naki". Ba ta ɗago ba har na gama. Ta jima shiru, sannan ta ce ita duk zamanta ba ta san sunanta na da wani suna a bayansa ba, mahaifinta dai ya ce mata na wata Sahabiya ce mai haƙuri. Ta ce, "Wato ni laƙabin aka ba ni, ita za a ba ta na yankan." Na ce haka ne, Inna. Ta ce, "To Allah ya kawo takwara lafiya."

An haife ta da hantsi. Ƙanena na ba wa huɗuba, ya yi mata kiran salla a kunnen dama da iƙama a na hagu, ya raɗa mata sunan da lodinsa na Larabci cikakke, na tauna dabino na shafa mata a dasashi. Da yake bayan alfijir ta zo, ba a lissafa ranar haihuwar cikin bakwai ba, kamar yadda Risala ta ce, kuma rago ɗaya ne ko mace ko namiji a mazhabarmu. Ranar suna bayan sallar asuba aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka raba goro da dabino. Na matsa kusa da liman na faɗa masa sunan, ya yi addu'a aka shafa. Maroƙin nan ya sunkuyo ya ce in ƙara faɗa masa a hankali, sannan ya miƙe ya ɗaga murya har cikin gida: "Sunan jaririya Tumalir! Allah ya raya Tumalir!" Na ji 'yan gunaguni, wani na tambayar na kusa da shi me aka ce. Liman, wanda na riga na kai wa bayanin, ya ɗauki 'yan mintoci ya faɗi ko wace ce Khansa'u da matar Abdurrahman ɗan Aufu. Wani dattijo ya ce shi shekara da shekaru yana jin mas'alar gadon nan, yau ya san mai ita. Wanzami ya yi aski, muka kimanta nauyin gashin da azurfa muka yi sadaka da kuɗin.

Takarda ce ta rage, kuma ban yi wasa da ita ba, don na ga yadda harafi ɗaya ke jawo wa mutane rantsuwa a kotu da sanarwar canjin suna a jarida lokacin jarrabawa ko neman fasfo. Dokar rajistar haihuwa ta 1992 ta ɗora aikin a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, kuma ana so a yi shi cikin kwana 60 da haihuwa. Na je teburinsu da ke asibitin unguwa ɗauke da katin rigakafinta, na riga na rubuta TUMALIR da manyan baƙaƙe a wata 'yar takarda, na miƙa wa ma'aikaciyar tare da sunana da na mahaifiyarta da ranar haihuwa. Ta kwafa, ta juyo mini da shi na duba harafi bayan harafi kafin ta sa hannu, sannan ta tambaye ni daga ina sunan yake, na ba ta labarin a taƙaice. Da wannan rubutun za a yi mata lambar NIN ta shaidar ɗan ƙasa, da shi kuma za a sa ta a makaranta.

Yanzu ta fara tafiya. Inna takwara take ce mata, yayyenta maza sun gutsure shi sun koma Tumali, ni da mahaifiyarta muna kiran sa cikakke. Ƙanena har yau da lodin Larabawa yake kiranta, kuma ya ce in ta isa shiga Islamiyya shi da kansa zai koya mata rubuta shi da Larabci.